Yadda zaka sa bishiyarka ta miƙe ta yi katako mai kyau, daga toho har saiwa

Assalamu alaikum 'yan uwa. Wannan bayani na masu shuka malaina ne da turare da tik da madaci, waɗanda suke sa ran wata rana su sayar wa masu katako ko kafintocin Panteka a Kaduna, da kuma masu mangwaro da gwaiba a bayan gida. Abin da nake so kowa ya fara riƙewa shi ne, katako ba a tsakiyar bishiya ake yinsa ba. Ana yinsa ne a wani siririn layi mai danshi da santsi da yake tsakanin ɓawo da itace, sunansa kambiyom. In ka ɓare ɓawon reshe da damina zaka ji santsin a yatsanka, to shi ne. Ƙwayoyin wannan layin suna rabuwa, waɗanda suka faɗa ciki su zama itace, waɗanda suka faɗa waje su zama ɓawon ciki da yake sauko da abinci daga ganye. Kusan duk kaurin da kuka ko ɗorawa ta yi daga nan ya fito.

Shi kuma kambiyom baya aiki da kansa, kamar leburori ne a wajen gini, bulo da siminti na ajiye amma sai ɗan kwangila ya ce a fara. Masu bada wannan umarnin su ne homon, sinadarai 'yan mitsi-mitsi da bishiya take haɗawa a wani sashe na jikinta ta aika wani sashen. Shi yasa duk sara da ka kai wa bishiya da adda, ko ka sani ko baka sani ba, ka canza mata umarni ne.

Bari mu san su a gurguje kafin mu shiga aikin hannu. Babbansu shi ne oksin, ana yinsa a kan toho da ɗanyen ganye, yana gangarowa ƙasa a hankali kusan santimita ɗaya a awa, ta cikin kambiyom ɗin da kewayensa. Tun 1880 Charles Darwin da ɗansa Francis suka lura in an rufe kan tsiron ciyawa yana daina karkata wajen haske, sai a 1926 wani ɗan ƙasar Holan, Frits Went, ya nuna cewa sinadari ne yake saukowa daga kan. Saitokainin shi akasari daga saiwa yake hawowa, aikinsa ya sa ƙwayoyi su rabu kuma ya tada idanun toho da suke barci. Jibaralin yana sa tsawo, yana kuma tsawaita zaren cikin itace, an gano shi ne ta dalilin wata cutar shinkafa da take sa kara ya zanƙale ya faɗi, masanin Japan Kurosawa ya yi aiki a kanta a 1926. Etilin iskar gas ce, ita ce take sa ayaba nunanna ta nunar da 'yan uwanta a buhu, a jikin bishiya kuma tana fitowa idan an ji mata rauni ko iska na kaɗa ta ko ruwa ya kwanta mata. Na ƙarshe ABA, shi ne na lokacin fari, yana rufe ƙofofin ganye ya ce a dakata.

Mataki na farko, ka kare kan bishiyar

In da abu ɗaya zaka ɗauka a duk rubutun nan to wannan ne. Tohon da yake can ƙololuwa, oksin ɗin da yake aikowa shi yake danne idanun da suke ƙasa da shi kada su fashe su zama rassa masu gasa da shi. Ranar da akuya ta cinye shi, ko yaro ya karya, ko kai ka datse wai don ta yi kauri, dannewar ta tashi, saitokainin ya samu fili, sai kaga toho uku huɗu sun taso lokaci guda kowa na son zama shugaba. Bishiyar da zata baka ganga ɗaya miƙaƙƙiya sai ta rabu biyu tun daga ƙugunka. Ka tuna katakon da ake sayarwa a kasuwa, ko tubaifo ne ko falanki, tsawonsa ƙafa 12 ne, in gangarka ta rabu a ƙafa biyar to itacen girki ka noma wallahi.

Saboda haka tun ranar dashe ka yi mata kariya, kwando ko ƙaya ko tsohon gidan sauro, har ta wuce bakin akuya da saniya. Masu madaci su ƙara sa ido, don akwai wata tsutsa da take huda ɗanyen tohonsa ta cinye cikin ya bushe, ita ce babbar matsalar noman madaci a Afirka ta yamma gaba ɗaya. In abin ya riga ya faru kada ka tsaya jimami, ka bari sabbin tohon su kai kamar taƙi ɗaya ko biyu, ka zaɓi wanda ya fi ƙarfi da miƙewa, ka cire sauran da wuƙa mai kaifi. Cikin 'yan watanni wanda ka bari zai karɓi aikin dannewa, 'yar karkatar da ta rage kuma kauri zai shafe ta in bishiyar ƙarama ce.

Mai mangwaro da gwaiba shi akasin haka yake so. Shi inuwa mai faɗi yake nema da rassa a ƙasa inda hannu zai kai, to shi da gangan zai datse kan idan dashen ya kai kamar mita ɗaya, ya bar rassa uku ko huɗu da suka kalli ɓangarori daban daban. Ka fara yanke shawara tun farko, katako kake so ko 'ya'ya.

Mataki na biyu, saiwa

Kafin ka sayi dashe ka ɗaga ledar ka duba gindin. In saiwar ta naɗe ta zagaye cikin leda, ka warware ta ko ka yanke naɗin da reza kafin ka sa a rami, in ba haka ba haka zata ci gaba da zagaye har ta shaƙe kanta. Kuma kada ka aske ganyen dashe wai don ka rage wa saiwa nauyi, oksin ɗin da tohon yake aikowa shi ne yake sa sabuwar saiwa ta fito, ita kuma saiwar ta mayar da saitokainin sama. Tik ne ya fita daban, shi ana dasa shi da guntun kututture, a bar ɗan kara kamar santimita biyu zuwa uku da doguwar saiwa kamar 15 zuwa 20, saboda abincin da ya tara a saiwar ya ishe shi tashi. A Kaduna ka jira ruwa ya zauna sosai, wajen watan Yuni, kafin dashe.

Mataki na uku, askin rassa, nan ne yawancin mutane suke ɓata aikin shekaru

Kowane reshe da ya daɗe a jikin ganga yana barin ƙulli a cikin katako, in reshen ya mutu a jiki ma ƙullin zai iya faɗowa ya bar rami a falanki, kafinta kuma da ya gani zai rage kuɗi. Don haka aski dole ne. Amma ganyen nan su ne masu dafa abinci, su ne kuma masu aiko da oksin da jibaralin. In ka aske bishiya ka bar mata ɗan tukku a sama kamar yadda ake yi wa dogon yaro a bakin titi, kambiyom na ƙasa zai rasa abinci ya rasa umarni, kauri ya tsaya, sannan idanun da suke barci a jikin ganga su farka su cika ta da ƙananan rassa, ka koma gidan jiya.

Ga yadda nake ganin ya fi. Kada ka cire abin da ya wuce kashi ɗaya cikin huɗu na ɗanyen ganye a shekara guda, kuma ko yaushe aƙalla rabin tsawon bishiyar ya kasance da rassa masu rai, in ya kai kashi biyu cikin uku ma ya fi. Ka fara daga ƙasa kana hawa kaɗan kaɗan duk shekara, ka cire reshe tun bai fi babban yatsa ko wuyan hannun yaro kauri ba, ƙaramin rauni shi yake saurin rufewa. Burinka ganga mai tsabta ta ƙafa 13 zuwa 14 a ƙalla, in ka samu wajen mita shida to ka gode Allah.

Wajen yankan, ka duba gindin reshe zaka ga wani ɗan kumburi kamar zobe inda ya haɗu da ganga. Kada ka taɓa wannan zoben, a nan ƙwayoyin da zasu rufe raunin suke. Ka yanka daf da bayansa, kada ka shafe shi daidai da ganga, kada kuma ka bar dogon guntu da zai ruɓe ya zama ƙofar gara. Zarto ya fi adda nesa ba kusa ba, don adda tana tsaga ɓawo. In reshen na da nauyi ka yi yanka uku, na farko daga ƙasa kamar taƙi ɗaya daga ganga ka shiga kaɗan, na biyu daga sama gaba da wancan har reshen ya faɗi, na uku ka cire guntun da ya rage a bayan zoben. Haka reshen ba zai yago ɓawo ya sauko da shi ba. Fenti da baƙin mai da wasu suke shafawa basa sa rauni ya warke, bishiya ba irin namu warkewar take yi ba, toshe wajen take yi daga ciki sannan ta lulluɓe shi da sabon itace daga gefe.

Lokaci kuwa, na katako ka yi a ƙarshen rani, Maris zuwa farkon Afrilu, babu danshin da zai kawo ruɓa kuma saura kaɗan toho ya fashe kambiyom ya farka ya hau rufe raunin. Mangwaro kuma da zarar an gama tsinke 'ya'ya, don sabbin rassan su samu damina su ƙosa kafin sanyin hunturu ya kira fure.

Mataki na huɗu, ka bar iska ta kaɗa ta amma kada ka bari ta karkace

Abu biyu ne nan kuma suna kama da juna. Bishiyar da iska take kaɗawa tana fitar da etilin, sai ta rage gudun tsawo ta ƙara kauri musamman a gindi. Wanda ya ɗaure dashensa tam a jikin sanda tun daga ƙasa har sama ya hana shi wannan, zai yi tsawo siriri, ranar da aka kwance iskar farkon damina ta kwantar da shi. In dole sai ka ɗaure, ka ɗaure a ƙasa ƙasa da sako sako, da tsumma ko yankin tsohon tib, ba waya ba, kuma ka kwance bayan shekara ɗaya. Waya da igiyar leda suna nutsewa a ɓawo, zaka ga saman wajen ya kumbura ƙasan ya tsuke, abinci da oksin ne suka sauko suka tarar da hanya a rufe.

Karkata kuma matsalarta daban. Idan ganga ta kwanta gefe, bishiyar tana yin wani itace na musamman don ta ɗago kanta. Masu faɗin ganye irin malaina da turare suna yinsa a gefen sama yana jawowa, su fain irin na dajin Afaka suna yinsa a gefen ƙasa yana turawa, kuma oksin da jibaralin da etilin duk suna da hannu a ciki. Ga bishiyar dabara ce mai kyau, ga kafinta kuwa masifa ce, don wannan katakon yana yin gashi gashi a bakin zarto kuma yana banƙarewa in ya bushe. To duk wadda iska ta karkatar tana ƙarama ka miƙe ta a satin, ka tara mata ƙasa a gindi. Wadda ta riga ta girma a karkace ita zaka fara cirewa ranar rage cunkoso.

Mataki na biyar, tazara

Tik da malaina ana fara su kusa kusa, mita biyu da rabi zuwa uku, don inuwar juna ta sa su yi tsere sama rassan ƙasa su mutu da wuri. Amma da zarar kawunansu sun haɗe ka ga ganyen ƙasa na ƙarewa, lokacin ragewa ya yi, ka cire karkatattu da masu rabuwa biyu da raunana, na kirkin su samu faɗin kai. Mutane suna jin ciwon sare bishiyar da suka shuka, na fahimta, amma ƙaramin kai ba zai taɓa ciyar da babbar ganga ba. Wanda ya taɓa ganin gandun tik na Nimbiya a kudancin jihar Kaduna ko turaren Afaka ya san bambancin layin da aka rage da wanda aka bari a cunkushe.

Kuma kada ka yi gaggawar sara. Itacen da ake yi a shekarun farko, na kusa da tsakiya, zarensa gajere ne kuma bai kai na baya ƙarfi ba, sai bishiya ta manyanta kambiyom yake fara yin dogon zare, zuciyar itacen mai duhu da gara bata so ita ma sai da shekaru take faɗaɗa. A Suwidin a shekarar 2000 masana sun ƙara wa wata bishiya yawan jibaralin ta hanyar canza ƙwayar halittarta, ta yi saurin girma zarenta ya ƙara tsawo, amma wannan aikin ɗakin bincike ne, babu wani ruwan kwalba da zaka fesa wa malaina 'yar shekara biyar ta zama ta shekara 15.

Mataki na shida, rani da wuta da sassaƙe

Daga Nuwamba in hunturu ya shigo ƙasa ta bushe, ABA yana ƙaruwa, ganye ya rufe ƙofofinsa, tik ya zubar da ganye, kambiyom ya tsaya. Wannan tsayawa da tashin ne yake barin zobe zobe da kake gani a kututturen tik. Gawo ne kawai yake nasa tsarin, ya yi ganye da rani ya zubar da damina. Babbar bishiya ka ƙyale ta ta huta, amma dashen shekarar farko da ta biyu ka ba shi ruwa mai yawa sau ɗaya ko biyu a sati maimakon yayyafi kullum, ka baza ciyawa a gindi ba tare da ta taɓa karan ba saboda gara. Masu fadama a bakin kogin Kaduna su kuma su sani ruwa in ya kwanta saiwa na rasa iska, etilin ya taru, ganye ya yi rawaya ya zube. Turare yana jurewa, tik baya jurewa.

Wuta ita ce ta fi bani tsoro. Zafin kusan digiri 60 ya isa ya kashe kambiyom, ɓawon ƙaramar bishiya kuma siriri ne, gobarar masu farautar gafiya ta minti kaɗan sai ta dafa gefe guda, wajen ya zama tabo da ruɓa har abada. Ka share faɗin mita uku ko fiye kewaye da gonar tun ciyawa bata gama bushewa ba.

Sai roƙona ga masu sassaƙen magani, madaci da kaɗanya da sauransu. Don Allah kada a zagaye ganga. In aka cire ɓawo zobe guda cif, abinci ba zai ƙara isa saiwa ba, bishiyar zata yi kamar lafiyarta ƙalau na wani lokaci sannan ta mutu a tsaye. A ɗebi siriri a tsaye a gefe ɗaya, a bar wajen ya rufe kafin a dawo.

Mataki na bakwai, ka sa homon ɗin ya yi maka aiki

Wannan toshewar hanya da take kashe ganga, ita ce kuma ake amfani da ita a samu sabon dashe daga reshe, kuma gwaiba da lemun tsami suna karɓa sosai. Da damina ka zaɓi reshe mai lafiya kaurin fensir zuwa yatsa, ka cire ɓawo zobe mai faɗin santimita biyu zuwa uku, ka kankare santsin nan tas don in ka bar shi zai sake haɗewa. Ka shafa garin fitar da saiwa a leɓen sama na yankan, irin wanda aka rubuta IBA a jiki, shi ma oksin ne, kaɗan ya isa don in ya yi yawa ƙona wajen yake. Ka dunƙula jiƙaƙƙiyar dusar katako da ta kwana biyu ko ƙasa mai taki a wajen, ka naɗe da leda ka ɗaure sama da ƙasa. Oksin da abinci zasu taru a saman yankan su rasa wajen zuwa, sai saiwa ta ɓullo, yawanci cikin wata ɗaya da rabi zuwa biyu zaka hange ta ta cikin leda. Ka yanke ƙasan, ka rage ganye, ka dasa a leda a inuwa sati biyu uku kafin gona.

Auren mangwaro ma sirrinsa kenan, koren layin da yake ƙarƙashin ɓawon uwa, wato dashen mai saiwa, da na amarya, wato reshen da aka ɗauko, su haɗu ko da a gefe ɗaya ne, a ɗaure tam kada iska ta shiga, kuma duk tohon da ya fito ƙasa da wajen auren a cire shi.

Turare da malaina da dogon yaro in ka sare su kada ka ƙone kututturen. Ka sara ƙasa ƙasa a ɗan karkace don ruwa ya zurare, toho zai fito da yawa tunda babu mai danne su, bayan wasu watanni ka bar ɗaya ko biyu. Da irin wannan dabarar manoman Maradi suka dawo da bishiyoyi gonakinsu tun daga shekarun 1980, kuma tohon kututture ya fi sabon dashe gudu saboda tsohuwar saiwa ce take ciyar da shi.

Hattara da magunguna biyu. 2,4-D da muke fesa wa masara da shinkafa oksin ne na kamfani, yawansa ne yake haukata ciyawa mai faɗin ganye ta murɗe ta mutu, kuma bishiyarka ma mai faɗin ganye ce. Kada ka yi feshi ana iska kusa da dashe, kuma ka ware masa famfonsa daban. In kaga sabon ganyen mangwaro ya murɗe ya zama kamar igiya bayan maƙwabci ya yi feshi, ka san daga ina ne. Na biyu faklobutrazol da ake zuba wa mangwaro a gindi wata uku zuwa huɗu kafin fure, shi jibaralin yake toshewa, bishiya ta daina tsawo ta juya ga fure. Yana daɗewa a ƙasa, don haka ka bi awon da aka rubuta, kada ka ba ƙaramar bishiya ko marar lafiya, kada kuma ya kusanci bishiyar katako.

Daga ƙarshe ka samu tef ɗin tela da ɗan littafi. Ka zaɓi bishiya goma a wurare daban daban na gonar, ka sa musu alamar fenti a tsayin ƙirji, mita 1.3 daga ƙasa, duk watan Disamba ka auna kewayen a daidai alamar ka rubuta. In ƙarin bana ya gaza na bara sosai alhali damina ta yi kyau, ɗaga kai ka duba sama, ko dai kawunan sun cunkushe lokacin ragewa ya yi, ko kuma askin da ka yi ya wuce kima sai ka ɗaga mata ƙafa shekara ɗaya ko biyu ta mayar da ganye.